Kunnen Yaya Isiyaku, Takardar Ɗan Safiyya

An kwashe ilimin da yayana Isiyaku ya tara cikin shekara arba'in, an zuba a waya, an yi rajistarsa da sunan wani. Wanin kuwa Sharhabil ne, ɗan Safiyya, wadda muka zauna benci ɗaya da ita a sakandare.

Yaya Isiyaku mai gyaran wutar lantarki ne a Babbar Kasuwa. A Hayin Banki aka haife mu, can yake har yau a ɗaki biyu. Daga aji huɗu na firamare ya kama wannan sana'a. Abin da ya sa masu shaguna ke nemansa shi ne kunnensa. Sai ya ɗora bakin sukudireba a jikin akwatin wutar shago, ya kara ƙotar a kunne, ya rufe ido. In ya ce "ƙudan zuma", wata ƙusa ce ta saki, a ɗaure. In ya ce "suyar ƙosai", to a kashe wuta nan take a fara fitar da kaya. Shi ya raɗa wa kowace ƙara suna. 'Yan layin atamfa sun san sau nawa ya tare musu gobara.

Aibinsa ɗaya, ba ya ɓoye abin da ya sani. A wurinsa yin haka zunubi ne. Da Sharhabil ya gama karatun injiniya ya zo ya ce, "Kawu, ina so in riƙa naɗar ƙarar nan a waya," sai Yaya ya matsa masa a benci. Shekara biyu suna bin shaguna, wannan ya naɗa, wancan ya faɗi ma'anarta. Har addu'a Yaya yake yi masa.

Bara muka haɗu da Safiyya a wani biki a Kinkinau, ta sha leshi, tana zagayawa da hoto a waya.

"Jummai, zo ki ga ɗanki. An ba shi takardar mallakar ƙirƙira. Ƙirƙirarriyar basira ce, tana jin gobara tun kafin ta tashi."

Na ce, "Wa ya koya mata jin?"

"Kwamfuta mana."

Na karɓi wayar na duba manhajar. Ga jan rubutu na gargaɗi ɓaro-ɓaro: suyar ƙosai.

"Safiyya, a wace jami'a kwamfutar ta ci ƙosai?"

Ta fizge wayarta tana dariya. "Ke dai bakinki bai mutu ba tun muna aji uku."

In wani ya ce hassada nake yi, bai yi ƙarya ba. A sakandare ni nake yi wa Safiyya aikin gida na Turanci. Ta auri darakta, ɗanta ya san ofishin da ake zuwa da fom ɗin da ake cikewa. Mata suna ta rungumarta. Na ce Allah ya sanya alheri, amma daga leɓe ya fito.

Yanzu shaguna da yawa sun sayi na'urar da ke ɗauke da manhajar. Yaya ake kira ya ɗaura ta a bango, ya tafi. Na tambaye shi ko ba ya jin haushi.

"Jummai, in kasuwa ba ta ƙone ba, ai shi ke nan."

Amma da na nuna masa hoton takardar, sau biyu ya sa na karanta masa.

"Duba can ƙasa sosai. Ko sun sa da ƙananan rubutu."

Babu. Ko harafi ɗaya na sunansa babu.

Wani lauya maƙwabcinmu ya ce mini shigar da ƙara zai yi wuya, domin Yaya bai taɓa rubuta komai ba, kuma ba shi ya haɗa na'urar ba.

Na ji a rediyo ana maganar gyaran dokar mallakar ƙirƙira saboda irin waɗannan manhajoji, wai don a ƙarfafa masu fasaha, a tsare rayuka da dukiya. To, ku masu gyaran, ku buɗe gurbi a fom ɗinku: duk wanda ya koya wa na'ura aiki da ilimin wani, dole ya rubuta sunan mai ilimin, ko da mutumin bai iya sa hannu ba. Kai kuma Sharhabil, ba sai ka jira doka ba. Ka koma inda aka ba ka takardar nan ka sa a ƙara Isiyaku Yusha'u, da manyan baƙi, a sama da sunanka.