Shekaruna a Bakin Injin Fasa Dutse

Da na zo Libreville, kasuwar Mont-Bouët na fara zama, a shagon kawuna. Shagon bai isa ya riƙe mutum biyu masu iyali ba, sai na nemi aiki a wata ma'aikata da ke garin Ntoum, inda ake fasa dutsen da ake yin siminti da shi.

Aikina tsayuwa ne a bakin injin. Manyan motoci su juye duwatsu, wani ya kai girman randa, injin ya tauna su, bel ya kwashe tsakuwar ya kai gaba, inda ake haɗa ta da yumɓu a niƙe. Da damina, wadda a ƙasar nan ba ta saurin ƙarewa, dutsen kan zo da laka ya toshe bakin injin. Sai a kashe, mu shiga da ƙarafa muna ƙwaƙulewa. A lokacin ne kawai muke jin muryar juna.

Abokin tsayuwata wani dattijo ne mutumin Garwa, Baba muke ce masa. Ya daɗe a wurin har kunnensa ya yi nauyi. In injin na aiki, da hannu muke magana: ya nuna sama, lokacin salla ya yi; ya shafa ciki, a zo a ci abinci. Muna sa abin toshe kunnen da aka ba mu, amma ƙarar ta ƙafa take shiga, ta bi ƙashi.

Ranar Asabar nake komawa gida. Wata rana muna cin abinci, matata ta ajiye cokali ta ce, "Maigida, yarinyar nan tun ɗazu take kiranka."

Na waiwaya. 'Yata na tsaye a bayana da allonta, tana so ta biya mini karatu. Ban ji ta ba ko kaɗan.

Da na koma aiki, ran da laka ta tsayar da injin, na matsa kusa da kunnen Baba na ba shi labari. Ya daɗe yana kankare lakar da ke takalminsa.

"Ni ma haka na fara," ya ce. "Yanzu ko jikokina sun kira waya, kakarsu ce ke faɗa mini abin da suka ce. Ɗana, kunnenka da saura. Ka tafi da shi."

Na ce, "Baba, in tafi ina?"

Bai ji ba, sai da na maimaita. Ya ce yana da aboki mai sayar da kayan gini a unguwar Angondjé, inda ake ta sababbin gidaje, kuma yana neman mai amana.

Shi ya kai ni da kansa ranar hutu, cikin tasi, sanye da babbar riga. Abokin ya yi ta tambayoyi, Baba na ta amsa abin da ba a tambaya ba, har muka yi dariya mu uku.

Ya ɗauke ni aiki, har yau a shagonsa nake. Kunnena na hagu bai dawo daidai ba, na dama kuwa lafiya. Baba ya koma Garwa da damina ta zagayo. Nakan kira matarsa, ita ke isar masa da gaisuwata, ina jin sa daga nesa yana tambayar yara da ƙarfi.