Yaya Hajo da ɗan farin da ta bar mini

Shekara bakwai ke nan da muka rasa Yaya Hajo, yayar maigidana, kuma har yau in aka buɗe ƙyauren ɗakinta sai na ɗaga kai, alhali na san buhunan gyaɗa muke ajiyewa a ciki. Mutanen unguwarmu a nan Madarumfa sun san ta da tuyar ƙuli-ƙuli da faɗar gaskiya komai ɗacinta. Ni kuwa ita ce bakina da kunnena a wajen ɗana na fari.

Kun san al'adarmu. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta zama hira da shi. Haka aka yi mini, haka na yi, kuma ko a takardar nan ba za ku ga sunansa ba. Da aka yaye shi sai aka miƙa wa Yaya, wadda mijinta ya rasu ba ta haihu ba, ta dawo gidan ƙanenta. Tsakar gida ce kawai tsakanin ɗakina da nata. In ina son sanin ko ya ci abinci, ita nake tambaya, ta yi mini dariya ta ce, "Ɗan wa kike tambaya? Ni dai nawa ya ƙoshi."

Yaya ba ta taɓa shiga aji ba, amma da iyayen yau za su ɗauki rabin dabarunta, da sun huta. In yaron ya dawo daga lakwal, wato makarantar boko, ba ta tare shi da tambaya. Fura take fara miƙa masa. "Yaro mai jin yunwa ba ya da labari," in ji ta, "bar shi shi ƙoshi, bakin zai buɗe da kanshi." Kuma ba ta tambayar na nawa ya zo a aji. Takan ce, wa ya ba ka dariya yau, wa ya sha bulala? Daga nan komai zai fito, har wanda ke ƙwace masa alli. Malaminsa kuwa takan je ta gaishe shi tun ba a yi laifin komai ba, don ranar da laifin ya zo a same su da sanayya.

Haka batun tafkin garinmu. Mu sauran mata hana yara zuwa muke yi, da zagi da tsumagiya, su kuma su zagaya ta bayan lambuna su faɗa ruwa. Yaya ta ce wanda aka haifa a bakin tafki ba a hana shi ruwa, sai dai a koya masa fita. Ta kama hannunsa ta kai wa wani tsohon masunci ya koya masa iyo. Ranar da ya ga jini a fitsarinsa, ita ya gaya wa a kunne. Maza suna cewa ai girma ne ya zo, ta ce tsargiya ce, ta ja shi sai gidan likita. Na sha tambayar kaina, da ba ta nan, wa zai gaya wa?

Amsar ta zo ba da daɗewa ba. Yana shekara goma zazzaɓi ya kwantar da ita bayan girbi, ba ta tashi ba. Ranar sadakar uku na gan shi zaune a bakin ƙofarta, ya haɗa kai da gwiwa. Mata cike da gida, kowa na kallo. Ƙafata ta so zuwa, kunya ta riƙe ni, sai na aiki ƙanwarsa da kwanon tuwo. Tun daga ranar haka muke zaune: ni in aika, shi ya aiko. Ubansa yana lambu daga safe har magariba, in na yi ƙorafi ya ce namiji ne, zai ware. Mai ɗaki dai shi ya san inda yake masa yoyo.

Sau da yawa ina tunanin me za ta ce da ta ga yau. Malamai sun yi wata da watanni ba albashi, aji a kulle, yara sun watsu bakin hanyar Ɗan Issa suna sayar da fetur a kwalba, da yamma su cika gidan bidiyo. Na san ba za ta tsaya zagin zamani ba, don ba halinta ba ne. Za ta shimfiɗa tabarma ta ce kowa ya zo ya ba ta labarin fim ɗin, daga nan ta san wanda ya fara shan taba. Ni ma na gwada da ƙannensa huɗu, kuma dabarar tana ci. Da su ina hira har da shewa. Shi kaɗai ne, wanda na fi daɗewa da shi a duniya, ban san abin da ke ba shi dariya ba.

Ba na cewa a zubar da kunya, ado ce. Amma ku iyaye masu ƙananan yara, in kun miƙa ɗa ga gwaggo ko kaka, ku bar wa kanku 'yar ƙofa. Mai riƙon ba ta da alkawari da mutuwa, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, har da iccen sabo tsakanin uwa da ɗa.

Abin da ya rage na Yaya yana jikin yaron nan. Shi ke zaunar da ƙannensa ya saurare su, ba ya duka, ba ya tsawa. Ta yi aikinta ta gama, nawa ne ya saura. Bana ya ci jarrabawa, bayan damina za a kai shi babbar makaranta a Maradi, kuma na san wanda ya tafi da baƙunta a gidansu da wuya ya dawo ɗan gida.

Shi ya sa ranar Juma'ar da ta wuce, da ya dawo daga noma ya jingine hauya, ban kira ƙanwarsa ba. Na ɗauki kwanon ruwa da kaina na ajiye a gabansa, na ce, "Ka gaji?"

Sai ya waiwaya bayansa ya ga da wa nake.

"Ni?" ya ce.

"Kai hwa."

Ya ɗauki kwanon ya sha, sannan ya ce, "Kaɗan."

Kalma biyu ke nan a shekara goma sha bakwai, kuma dawa ta riga ta fara fitar da kai. Allah ya jiƙan Yaya Hajo, ni kuma ya ara mini bakinta kafin a yi girbi.