Zakin Magagi Mai Awo

Duk wanda ya ci kasuwar Filinge a zamanin mulkin soja ya san Magagi mai awo. Mahaifina ne. Rumfarsa tana bakin layin masu hatsi, daga shi sai tabarmarsa sai tiya guda ta ƙarfe wadda hannu ya cinye wa fenti. Hatsin ba nasa ba ne. Manoma su kawo gero daga ƙauyukan Kurfai, ƴan kasuwa su taho daga Baleyara da buhunansu, shi kuwa ya zauna tsakani ya auna, a ba shi ɗan lada. Gajere ne, baƙi, ga tari rani da damina saboda ƙaiƙayin gero. Ba ya cusa babban yatsa cikin tiya don ya rage wa baƙo, ba ya tare tozo da tafin hannu don ya ƙara wa aboki. In gardama ta tashi, sai ya ce su riƙe bakinsu, tiya ta gama magana.

Cikin ƴaƴansa huɗu ni kaɗai na rayu. Sunana na yanka Hajara, sunan mahaifiyarsa, don haka bai taɓa kama sunan ba. Innata yake ce mini. Tsawo kuwa, Allah kaɗai ya san inda na kwaso shi, don ba a gidanmu ba ne. Mata suna tsokanata wai da karan dawa aka yi wa mahaifiyata wankan jego.

Da za a sa ni lakwal, wato makarantar boko, aka ce sai da takardar haihuwa. Baba ya kai ni biro, ofishin gwamnati, ya gaya wa akawu an haife ni shekarar da soja suka karɓi mulki, ana tsakiyar rabon hatsin agaji. Akawun ko saurara bai yi ba. Ya dube ni sama da ƙasa, ya sa na ɗora hannu bisa kai na kamo kunnena, ya rubuta abin da ya ga dama, ya buga hatimi. Baba ba ya karatun boko. Ya naɗe takardar cikin leda ya sa a ƙasan akwati, ni ma ban taɓa ganin cikinta ba.

Ina shekara takwas mahaifiyata Rakiya ta rasu a kan gwiwa, ita da abin da ke cikinta. Na yi kukan da har maƙwabta suka gaji da ba ni haƙuri. Baba ya rasa yadda zai yi da ni, don mutum ne da bai iya lallashi ba. A kwanakin ne Issa direba, mai jigila tsakanin Filinge da Yamai, ya zauna a rumfarsa yana ba da labarin wani wuri da wani attajiri ya buɗe a birni, ana ce masa Lambun Yara. Akwai lilo mai juyawa da lantarki, akwai jimina da kada, akwai wurin cin shinkafa da kaza, har da zaki a keji. Kuɗin shiga, babba jika guda, yaron da bai kai sha biyu ba rabin jika.

Baba ya dawo gida ya tsuguna gabana. Ya ce, "Innata, bar kuka. Na yi miki alkawali, ni da ke za mu tahi Yamai ki ga zaki da idonki."

Wanda bai san shi ba zai ce maganar rarrashin yaro ce. Ni na san shi. Magagi bai taɓa cewa zai yi abu ya fasa ba, kuma wannan ne kaɗai dukiyarsa a garin.

Ranar kasuwa ya sayi ƴar akuya, muka sa mata suna Akuyar Yamai. Ta girma ta haifi tagwaye, har mun fara sa rana. Sai yunwar tamanin da huɗu ta shigo. Ruwa ya ɗauke, gero ya bushe a tsaye, mai awo ya wayi gari ba abin aunawa. Awakin uku aka sayar a kuɗin da bai kai na zakara biyu ba, muka ci. Baba ya shiga aikin haƙar ramuka a fako don a ba shi garin agaji. Ban ƙara yi masa zancen zaki ba, ko yarinya ce ni na san abin da ake ciki.

Damina ta gaba ta yi kyau. Da sanyi ya shigo, wata safiya ya ce in wanke zanena na salla. Ya auna tafiyar yadda yake auna gero, ba ƙari ba ragi. Kuɗin mota zuwa da dawowa ya damƙa wa Issa tun a tashar Filinge, wai kada su narke a birni. Guzuri gumba da ƙuli-ƙuli. A aljihu jika guda da rabi cif, nasa da nawa. Farashin shekara uku da suka wuce ya riƙe a kai, kuma farashin bai canja ba. Ni ce na canja, shi kuwa kullum yana tare da ni, bai lura har na kai masa kunne ba.

Da asuba muka tashi. Jandarma suka tsayar da mu sau uku, da hantsi muka shiga Yamai. Issa ya sauke mu a ƙofar lambun, ya ce zai biyo ya ɗauke mu da la'asar, ya wuce lodi. Wurin zagaye yake da shingen kwano mai koren fenti, kiɗa na tashi daga ciki. Muka bi layi bayan mutane masu takalma sau-ciki, yaransu suna ta zuba Faransanci.

Mai sayar da tikiti yana zaune bayan wata ƴar taga. Ya ɗaga kai ya ce, "Babba biyu, jika biyu."

Baba ya ce, "A'a, malam. Babba guda da yarinya."

"Wannan ce yarinyar? Ai ta kusa fin ka tsawo."

Na ji dariya a bayanmu. Baba bai damu ba, har da ɗan murmushinsa, don ya taho da shaida. Ya zaro ledar nan, ya warware ta a hankali, ya miƙa takardar. Ya ce, "Shekarad da soja sunka hau anka haihe ta. Sha ɗaya gare ta. Duba, ga hatimin gwamnati."

Mutumin ya duba, ya ce takarda ta ce saba'in da biyu, wato sha uku ke nan. Baba ya karɓa ya miƙo mini. "Innata, ke ka lakwal. Karanta mini."

Na duba, na ga abin da aka rubuta. Ina iya cewa saba'in da huɗu, to amma mai tagar ya riga ya gani. Na ce, "Saba'in da biyu anka rubuta, Baba."

Baba ya karɓi takardar ya maida ta cikin leda. Da wani ne da ya tada jijiyar wuya, ya kira shaidu, ya zagi akawun da ko sunansa bai sani ba. Amma mutumin da ya shekara talatin yana hana mutane gardama da ma'auni, ta ina zai fara? Mai tagar ba mugu ba ne. Ya sassauta murya ya ce, "Kala suru, tsoho, yi haƙuri. Ni ma aiki aka ba ni." Baba ya juya ya dubi layi, ba fuskar da ya sani, kuma ko da akwai, roƙo ba ya cikin halinsa. Ya ajiye jika guda, aka ba shi tikiti ja.

Ya sa mini shi a hannu, ya haɗa da takardar dala ɗari, wato rabin jikar da ta rage. Ya ce, "Shiga ki gano muna. Ki hau lilo, ki ci shinkahwa da kaza. Ni dama ƙahwata na ciwo, nan zan zamna in jira ki." Ƙafarsa lafiya lau take, mutumin da ke zuwa Bonkuku a ƙasa.

Na shiga. Wurin lilo na fara nufa, mai tsaron ya dubi hannuna ya ce lilo na masu koren tikiti ne, ja na manya ne. Na wuce rumfar abinci. Matar ta ce farantin yara dala tamanin, amma sai mai kore. Na manya dala ɗari da hamsin. Na tsaya ina kallo tana zubawa, wallahi ludayi biyu ne can, ludayi biyu ne nan, bambancin tsokar kaza guda. Na nuna mata dala ɗarina, ta ce in matsa akwai mutane. To ku gaya mini, wane irin lissafi ne wannan? A ƙofa na yi girma da rabin kuɗi, a lilo na yi girma da hawa, a faranti kuɗina sun yi ƙanƙanta. Shekara arba'in ke nan, ban huce ba.

Daga can ƙarshen lambun na ji wani gurnani mai nauyi, mutane suna ta nufar wajen. Na yi taku kamar goma, sai ƙafata ta ƙi. Ni da ke, haka ya ce. Na ji in na ga zakin nan ni kaɗai, na cinye rabonsa ke nan. Na juyo na bi jikin shingen kwano a hankali har na jiyo tarin da na sani ta ɗaya gefen. Nan na zauna a ƙasa na jingina, na yi kuka ba sauti. Kowane ɗan lokaci sai ya yi tari. Haka muka zauna har inuwa ta juya.

Da na fito ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Kin gane shi?"

Na ce na gan shi. Na ɗauko zakin littafinmu na lakwal na ƙara masa gishiri. Na ce kansa ya kai turmi, gashin wuyansa kamar an tsefe rama, kunnensa na hagu a tsage, ya dube ni ya yi hamma har na ƙirga haƙoransa. Baba ya yi dariya, irin wadda ban ji ba tun rasuwar mahaifiyata. Dala ɗarin na ƙulle a bakin zane. Na shekara ina sayen biro da alli da su kaɗan-kaɗan, kowane saye ina ji kamar sata na yi.

Daga ranar zakin ya zama nasa. Duk manomin da ya zauna jiran awo sai ya sha labarin kunnen hagu da hamma. Wata rana Manzo, wani tsohon soja da ya taɓa shiga lambun, ya ce ƙarya ne, zakin tsoho ne mai ƙazuwa, kunnuwansa biyu lafiya lau. Baba, wanda ba a taɓa jin sa da kowa ba, ya kife tiya ya ce, "Ɗiyata ta gani da idonta." Ya yi wata shida bai auna wa Manzo ko tiya guda ba.

Soja suka sauka, farar hula suka hau, soja suka sake dawowa, Baba yana rumfarsa. Ni na zama malamar lakwal, na koyar a Abala, daga baya aka maida ni Yamai. Lambun Yara ya mutu tun zamanin yajin aiki, aka yanka filin aka yi shaguna. Sau uku ina ce masa ya zo in kai shi wani wurin ya ga zaki, yanzu ina da hali. Sai ya ce a bar shi, wanda aka gano masa ya ishe shi.

Idonsa ya tafi kafin ƙarfinsa. A daminarsa ta ƙarshe na ɗauki hutu na dawo Filinge jinya. Wata la'asar na fito da shi inuwar zaure, ina dama masa fura, tarin yana sarƙe shi. Na ga alamar ba zai kai kaka ba, na ce ba zan bar shi ya tafi da ƙaryata ba.

Na ce, "Baba, akwai abin da ni ka son hwaɗa maka. Ranan nan a Yamai, ban ga zaki ba."

Ya ce, "Na sani."

Ludayin ya tsaya a hannuna.

"Kwanon shingen bai kai ƙasa ba, Innata. Ina ganin dugaduganki da bakin zanenki, tun hantsi hal la'asar."

"To don mi ba ka kira ni ba?"

Ya ce, "In na kira ki, na hwaɗi bisa alkawali ke nan, a gabanki. Da kinka hito kinka ce kin gani, na san ke kinka cika mini shi. Sai in ƙaryata ki?"

Na ajiye ludayin. Shekara ashirin da shida ina ɓoye masa abu, ashe shi ke ɓoye mini. Ya laluba ya kamo wuyan hannuna, hannunsa ba nauyi.

Ya ce, "Abu guda dai ya tsaya mini. Da kinka shiga, kin ɗan jima kahin in ga ƙahwahunki. Kullum ina ce ma raina, can ta tsaya ta ci abinci. Shinkahwan nan da kaza, kin dai ci ko?"

Fuskarsa tana fuskantata, idanun da ba sa gani a buɗe, yana jira.

Na ce, "Na ci, Baba. Har na rage."

Ya saki hannuna ya jingina da bango. Ya ce, "To, alhamdu lillahi."