Gwaggo Rabi da Sunan da Babu Shi a Takarda

Shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar Gwaggo Rabi, yayar mahaifina, kuma tun ranar da aka fita da ita daga gidanmu na unguwar Nuzla a Jidda babu wanda ya sake kirana Sorkha. A iƙamata, wato takardar izinin zama, Saratu aka rubuta. Haka mijina ya san ni, haka 'ya'yana.

Gwaggo wanki take yi a wani asibiti da ke unguwar Bagdadiyya, zamanin da Jidda ba ta fi ka zaga ta da ƙafa ba. Ba ta iya karatu ba, amma ba a taɓa ƙure ta a magana ba. Da naƙudata ta zo wa mahaifiyata da gardama, ita ta sa ta a mota duk da tsoron asibiti da matan unguwarmu ke yi, ta damƙa ta hannun wata nas 'yar ƙasar Ailan da kowa ke kira Sista Sara. Allah Ya yi amfani da hannun matar nan, muka rayu mu biyu.

Babana ya ce sai a yi mata takwara, kamar yadda muke yi wa wanda ya yi mana alheri. Abin ya zo masa da sauƙi, tunda Saratu sunanmu ne. Ana jibi suna Gwaggo ta ɗauki goro ta je yi wa Sista albishir. Sai idon matar ya kawo ruwa. Da guntun Larabcinta ta gaya wa Gwaggo cewa uwarta Sorcha ta raɗa mata, ana faɗinsa Sorkha. Tsohon suna ne a harshensu, ma'anarsa mai haske. Da Turawan Ingila suka daɗe suna mulkinsu, sai aka saba mayar da shi Sara a takardu, har masu shi suka haƙura.

Gwaggo ta dawo gida ko mayafi ba ta cire ba.

"Idi, ba a yin takwara da sunan aro. Sunan baiwar Allahn nan Sorkha."

"Yaya, halas, magana ta ƙare, na riga na gaya wa liman. Wa zai iya faɗin wannan a Nuzla?"

"Bakin da ke faɗin khamsa kullum a kasuwa in zai ce biyar? Ka tambayi limamin ko akwai laifi a haske."

Liman ya ce babu laifi. Amma Baba, Allah Ya jiƙansa, mutum ne mai gudun surutun mutane, da Saratu aka yanka rago. Gwaggo ta ci naman sunan sosai, ba ta yi fushi da rago ba. Daga ranar dai ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai na Sista.

Ni kuwa kunyarsa nake ji. 'Yan makarantarmu suna kwaikwayonta idan ta tsaya a bakin lungu tana ƙwala mini kira. Ina da shekara goma sha biyu na ce mata ta daina. Ta dube ni ta ce, "Matar nan an ƙwace mata shi sau ɗaya. Ba da bakina za a yi na biyu ba." Ban gane ba a lokacin. Yanzu idan na tuna, har zuciyata nake jin ciwon abin da na faɗa mata.

Ina yawan tunanin me za ta ce da ta ga yau, da ake zaɓo wa jariri suna a waya don daɗin faɗi kawai. Na san tambayarta guda ce: na wane ne, me ya yi muku? A wurinta suna godiya ne, kuma ba ta yarda a yi godiya rabi ba.

Sista ta koma ƙasarsu ina rarrafe, ban san fuskarta ba. Gwaggo ba ta bar gida ko gwal ba. Abin da ta bari shi ne wannan suna da ta riƙe shekara da shekaru ita kaɗai, kuma na lura idan na mutu zai bi ni kabari babu wanda ya sani. Shi ya sa na rubuta wannan. Allah Ya jiƙan Gwaggo Rabi, Ya haskaka kabarinta.

Daga 'yarki, Sorkha.