Ɗigon Da Ke Kan Ra

Kakanmu ya bar waƙa guda ta roƙon Allah, baiti arba'in, da ajami. Gwaggona, 'yarsa ta fari, ta haddace ta daga bakinsa, kuma da ita take rufe karatun matan da ke zuwa gidanta a Wurno kowace Alhamis.

Daga baya wani ya buga waƙar da boko, aka riƙa sayar da ɗan littafin a kasuwar Goronyo. Matan suka saya. A baiti na sha bakwai Gwaggo tana cewa, "Ka ba mu ruwa na albarka." Littafin kuwa ya ce "zuwa na albarka." Sai suka fara yi mata gyara, da farko cikin ladabi, daga baya da dariya. Aka ce tsufa ya taɓa mata kai. Masu zuwa suka ragu. Ni ma na ce mata ta bi littafi, don a lokacin na ɗauka abin da aka buga ba ya kuskure.

"Kai ad da boko," in ji ta. "Ni da kunnena nij ji ubana. Tahi Rabah ka duba."

Asalin rubutun yana Rabah, cikin gafaka, wurin Baffa ƙanenta. Na je da safe na tsara aikina. Da farko na jera takardun bisa tabarma, don ba a ɗinke suke ba. Na biyu na buɗe littafin a gefe. Na uku na bi su ɗango bayan ɗango da tsinke. Baiti goma sha shida suka dace. A na sha bakwai na tarar da ɗigo a kan harafin farko na kalmar. A ajami, ra ba ta da ɗigo. In ta samu ɗaya a sama ta zama zaira, "ruwa" ya koma "zuwa". Ke nan littafin ya yi daidai.

Na kusa rufewa, sai na lura tawadar kakanmu ta koma ja-ja saboda daɗewa, wannan ɗigon kuwa baƙi ne, kuma ya ɗan taso. Na sa farce. Ya fita. Kashin ƙuda ne.

A nan na ɓata tsari. Ya kamata in kira Baffa ya gani tukuna, sannan in kankare. Da ya shigo, ra ce kawai a takarda, babu abin nunawa.

Na koma Wurno na faɗa wa Gwaggo duka, har da kuskurena.

"To mi ya rage?" ta ce.

"Bakina kaɗai, Gwaggo."

"Da shi kay yi min gyara. Shina isa."

Ranar Alhamis na tsaya a ƙofar zaure, matan suna ciki, na ba da labarin bi da bi. Wata ta ce wa ya sani ko ɗigon gaske na kankare don in faranta wa gwaggona. Na ce ba ni da shaida, amma ni ma da farko na goyi bayan littafin, kuma na janye.

Gwaggo ta ɗauki waƙar daga farko. Da aka iso baiti na sha bakwai na kasa kunne. Biyu ko uku sun ce zuwa. Sauran suka bi ta.