Ranar da Na Je Fakku Neman Yardar Inna Hajo

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da aka tura ni Fakku in yi wa wata tsohuwa bayanin maganin da ni kaina ban taɓa gani da idona ba. Lokacin ni ce babbar nas a ɗakin maza na asibitinmu a Tambuwal, wato ni ke raba wa ƙananan ma'aikata aiki, ni ke bin likita idan ya zo zagaye.

Marar lafiyar sunansa Malam Sanusi, malamin firamare ne ɗan Fakku. Ya fara zuwa mana da zazzaɓin da ya ƙi jin magani, ya ɗashe, dasashinsa na zubar jini. Da aka yi awo muka ga abin ya fi ƙarfinmu, muka tura shi Sakkwato, can aka tabbatar sankarar jini ce. Ya sha magani mai ƙarfi har gashin kansa ya zube, ya samu sauƙi, ya koma aji. Shekara na zagayowa ciwon ya dawo, maganin kuma ya daina kama shi.

Yayansa Alhaji Umaru, wanda ke aiki a ƙasar waje, ya samo masa gurbi a wani asibiti a Indiya inda ake wani sabon magani. An gama shiri kaf, sai Malam Sanusi ya ce ya fasa. Mahaifiyarsa Inna Hajo ba ta yarda ba, shi kuma ba zai hau jirgi babu albarkarta ba. A ƙa'idar aiki yardarsa kaɗai ta isa, tunda baligi ne mai hankali. Amma ga shi ya ɗora tasa yardar a kan ta uwarsa, jikinsa kuma kullum ƙara lalacewa yake.

Likitanmu ya kira ni ofis ya ce ni zan je, tunda ni mace ce kuma 'yar ƙasar. Na ce ranka ya daɗe, abin da ban gane ba ba zan iya kai wa wani ba. Sai ya kira likitar jini ta Sakkwato a waya, ta zauna ta yi mini dalla-dalla. Ta ce jiki yana yin wani sinadari da ake kira antibodi, wanda ya ƙware wurin shaida cuta. Akwai kuma wasu fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki, masu ƙarfin kisa, sai dai sankara takan ɓace musu. To masana sai su ɗauki ɓangaren antibodin da ke shaida sankara, su koya wa sojojin marar lafiya ƙera shi a jikinsu. Da inji ake tace sojojin daga jininsa, a gyara su a ɗakin bincike, su hayayyafa, a mayar masa ta jijiya. Ta kuma gargaɗe ni kada in ɓoye haɗarin: zazzaɓi mai tsanani, ruɗewa, wani ma yakan rasa ransa, wani kuma ciwon ya dawo.

Damina ce. Mota ta ajiye ni Kebbe, na hau babur, wani wurin sai na sauka na taka laka da ƙafa. Na iske Inna Hajo a tsakar gida tana tsinkar zogale. Muka gaisa, ta ba ni ruwa, ta tambayi iyayena har ta gano ta san kakata.

Na fara da abin da aka ce yana damunta, cewa za a zuƙe jininsa a zuba masa na wani. Na ce mata nasa ne za a mayar masa. Na yi mata misali da 'yan banga masu ƙarfi waɗanda ba su san fuskar ɓarawo ba, a kai su a nuna musu shi, su dawo garinsu su kama shi. Na faɗi haɗarin duka, ban rage ba.

Ta saurara har na kai aya, hannunta bai bar zogalen ba. Sannan ta ce, “Ɗiyata, wanga duk na gane. Rai na Allah na. Abin da nika tambaya, in ya cika can, wa ka yi mai wanka? Wa ka yi mai salla?”

Ashe duk makonnin nan kowa yana ta kare maganin, babu wanda ya tambaye ta abin da take tsoro. Ta ce mijinta a hanyar fatauci ya rasu, har yau ba ta san inda kabarinsa yake ba, ba za ta iya ɗaukar irin wannan sau biyu ba.

Na ce mata ba zan bar garin ba sai na samo mata amsa. Na fita bayan gari inda waya ke kamawa, na kira Alhaji Umaru. Na gaya masa abin da take tsoro. Kafin la'asar ya bincika ya kira ni: akwai Musulmi da masallaci da maƙabarta a garin da asibitin yake, kuma ya yarda ƙanen Inna Hajo, Kawu Bala, ya raka Malam Sanusi, shi ma zai same su can. Na koma na faɗa mata.

Ta ce, “Kina yi man alkawali shina dawowa?”

Na ce, “A'a Inna, wannan ba shi hannuna. Abin da na sani, ba za shi kasance shi kaɗai ba.”

Sai ta ce in gaya wa Malam Sanusi ya tafi, Allah ya yi masa albarka.

Ya tafi. Kawu Bala ya ba mu labari daga baya cewa zazzaɓin ya zo kamar yadda aka faɗa, har Malam Sanusi ya yi kwanaki bai gane kowa ba, sannan ya farfaɗo. Bayan 'yan watanni ya shigo ɗakinmu da ƙafarsa, ya rame amma yana dariya. Har yanzu awo bai nuna sankarar ba. Likitoci ba su ce ya warke ba tukuna, kuma garkuwar jikinsa ta yi rauni, shi ya sa ko ɗan zazzaɓi ya ji ba ma wasa da shi. Amma ya koma aji yana koyarwa.

Ina alfahari da wannan aikin fiye da duk wanda na yi, ko da yake ko allura ban riƙe ba a ranar. Masana can nesa sun yi nasu, sun koya wa jini yaƙar ciwon da ke cikinsa. Namu shi ne mu kai mutum ƙofar maganin. Don haka ku matasan ma'aikatan lafiya, idan marar lafiya ko danginsa suka ce a'a, kada ku yi saurin cewa jahilci ne. Ku nemi wuri ku zauna, ku tambaye su abin da suke tsoro, ku kuma jira su gama faɗa.