Wayar da Suka Cire a Zauren Majami'a

Wilf Ackroyd ya yi shekara talatin yana gyaran lantarki a ramin kwal na garinmu. Da ƙirjinsa ya gaza, aka ba shi kula da zauren majami'armu. Ni nake goge daɓen zauren kowace Asabar tun rasuwar mijina.

A nan ɗana Trevor da abokansa uku suka naɗi faifansu na farko, kafin rediyo ta san su. Trevor ke kaɗa jitar lantarki, shi ke waƙa. Ran nan da azahar lasifikarsa ta yi ta wani gurnani. Clive mai ganga ya ce a kwance filogi a cire waya ta uku, wadda ke kai wuta ƙasa. Haka duk makaɗa ke yi, in ji shi.

"Wannan wayar ce ke tsakaninku da kabari," in ji Wilf.

"Haba Baba Wilf," in ji Clive, "nan ba rami ba ne. Je ka sha shayinka, kar ya huce."

"Mai gashin mata, na ɗauko gawar waɗanda suka fi ka wayo."

Suka yi dariya, har da Trevor. Suka cire, gurnanin ya ɗauke. Wilf bai tafi shan shayi ba. Ya ja kujera ya zauna kusa da akwatin wuta.

Ni kuwa ban daɗe da gama goge daɓen ba, bai bushe ba. Trevor ya cire takalmi, don bugun ƙafarsa na shiga na'urar naɗi. Na ga safarsa ta jiƙe. Na so in yi magana, sai na ji kunyar tsawata masa gaban abokansa. Ina ta addu'a a zuci, bokiti a hannuna.

Ya fara waƙa, hannun hagunsa a kan tsirkiyar jita. Ya miƙa na dama ya kama makirufo. Muryarsa ta yanke. Jikinsa ya sandare, haƙoransa a waje, ya kasa saki.

Na yar da bokiti na yi kansa.

"Edna, kar ki taɓa shi!"

Ban taɓa jin Wilf ya ɗaga murya ba sai ran nan. Na tsaya cak. Ya ja madannin akwatin, fitilu suka mutu, Trevor ya zube. Ba ya numfashi. Tsohon ya durƙusa yana danna masa ƙirji, yana hura masa iska a baki, shi kansa numfashinsa da ƙyar yake fita. Clive na gefe yana kiran sunan Yesu, wanda ban taɓa jin ya kira ba. Ban san tsawon lokacin ba. Sai Trevor ya yi tari.

Yatsu biyu na hagunsa sun ƙone, ba su sake lanƙwasuwa ba. Ya bar jita, ya riƙe waƙa kawai. Sun yi faifai biyar cikin shekara tara, suna yawo ƙasa-ƙasa, kuma duk bugun wayar tarho sai gabana ya faɗi.

Wilf ya rasu suna wasa a Jamus. Trevor ya bar su can ya hau jirgi. Shi ya ɗauki gaban akwatin gawar, a kafaɗar dama.